Taɓi Biyu a Kafaɗa

Mai Walda ya shekara talatin da ɗaya bai ɗora ƙafa a kan babur ba. Ko na haya ba ya hawa. In tafiya ta kama shi sai ya shiga mota, in babu mota ya taka da ƙafa, in an tambaye shi dalili ya ce gwiwa ce ba ta son lanƙwasa. Ƙarya ce tsagwaronta. Mutumin da ke wuni a tsugune yana haɗa ƙofofin ƙarfe, wace gwiwa ce za ta gagare shi?

Sai ga shi wata Asabar da hantsi ya turo sabon babur cikin gida.

Baƙi ne wuluk, da fitila ɗaya kewayayya kamar faranti, da tanki mai siffar ƙwai an ja masa siririn layi ruwan zinare, da doguwar kujera mai ɗinki. Salansa kuwa, bututun hayaƙin nan, mutum ya ga haƙoransa a jiki. Sabo ne fil, ko ledar kujera ba a yage ba, amma an ƙera shi a kan fasalin na da. Matarsa tana shanya, ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu.

"Na wane ne?"

"Na mijinki."

"Mai ciwon gwiwa?"

"Ta warke."

"Sannu. Ashe maganin a shagon babura yake, muna ta ɓarnar man zafi."

Ta zagaya shi sau ɗaya, dariyar ta ɗauke. Akwai wani tsohon hoto a ɗaki da ya riga ya yi ja, samari biyu sun jingina da babur. Wancan da wannan kamar an tsaga kara. Ta koma shanyarta.

Abin da duniya ta sani game da wancan babur ɗin gajere ne. Mai Walda ne ya saye shi sabo, lokacin yana da shekara ashirin da biyu, ana ce masa Auta. Kwana goma sha tara da saye aka aiko cewa matar wansa tana asibiti, haihuwa ta zo. Ya goya Yayan nasa suka kama hanya. Yaya yana ta cewa ƙara wuta, ƙara wuta, injin da bai gama horuwa ba ya cije, tayar baya ta ƙame, Yaya ya tashi sama ya sauka da ƙeya a kan dakalin gefen titi. Kafin rana ta karkata an haifi yaro, an kuma ja wa ubansa mayafi a fuska. Haka Auta ya faɗa a ranar, haka ya ci gaba da faɗa.

Abin da duniya ba ta sani ba ya fi wannan gajarta. Yaya bai ce a ƙara wuta ba. Shi ya koya wa Auta tuƙi, kuma yana da alama: in ya taɓa ka sau biyu a kafaɗar dama, rage gudu ke nan. A ranar ya taɓa. Ya sake taɓawa. Na uku har da nutsa yatsa. Auta ne kawai ke son jin abin da ke cikin sabon inji, ga kuma uzuri ya samu. Da aka ɗago babur ɗin daga kwata, mitar tafiya tana kan kilomita ɗari shida da goma sha biyu.

Yaron da aka haifa, a hannun Mai Walda ya tashi. Ya zama bakanike, yana da garejinsa a bayan tashar jirgin ƙasa. Sannu-Sannu ake ce masa, don ko gobara ce ta tashi sai ya goge sifanarsa ya rataye kafin ya fita. In an zolaye shi sai ya yi murmushi ya ce, "Gaggawa ɗaya na taɓa yi, ranar da na zo duniya, kun ga abin da ta ci." Duk ran da ya faɗi haka, Mai Walda sai ya nemi abin dubawa a ƙasa. 'Ya'yan Mai Walda uku mata ne, duk sun yi aure sun tafi. Wannan shi ne ɗansa. Ya kuma san in gaskiya ta fito, yana iya wayar gari ba shi da ɗa.

To me ya kai shi sayen babur? Shi ma bai gama sani ba. Ya gan shi a bayan gilashi, ya wuce, ya dawo, ya wuce, wata biyu yana haka. A ransa ya ce, wancan na ɓata shi da hannuna, wannan zan hora shi yadda ake yi, in wuce lambar nan lafiya, in huta.

Washegari Sannu-Sannu ya zo gani. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon injin, kamar likita.

"Baffa, sabon inji kamar sabon takalmi ne, sai an bi shi a hankali ya san ƙafa. Ƙarfe yana goga ƙarfe a ciki, kowanne na neman wurin zamansa. Kada allura ta wuce hamsin. In ka tashe shi kada ka fizga, bar shi ya ɗumama. A kilomita ɗari biyar ka kawo mini in juye baƙin mai. Kuma kada ka goya kowa sai ya cika dubu, ko Inna ce."

"Wa ya ce maka ina so?" in ji matar daga ƙofar kicin. "Ni da sauran kwanana."

Sannu-Sannu ya sunkuya ya naɗe matakan baya, inda na goye ke ɗora ƙafa. Suka yi ƙas, ƙas.

"Duk wanda ya ce ka rage masa hanya, ka nuna masa babu wurin ƙafa."

Makon farko, sai wanda ya gani. Gari na wayewa Mai Walda zai fito da shi ƙofar gida, ya buga kik, ya tsaya yana sauraro. Ba ƙara irin ta baburan yanzu ba ce mai kamar sauro a kunne. Wannan dum, dum, dum yake yi, a natse, kamar zuciyar babban bijimi. Sai ya bi ta gaban gidan burodi, ya haye gada, ya kama hanyar da ta bi ta bakin madatsar ruwa, inda babu kowa sai masu kai madara da tsuntsaye. Iska tana shiga ta hannun riga ta fita ta wuya. Sabon fenti yana gasuwa a jikin salansa yana wani ƙauri mai daɗi. Tsofaffi a bakin hanya suna ɗaga masa hannu, wani har ya tare shi ya ce ubansa ya taɓa yin irinsa. In ya dawo ya kashe, injin ya dinga ƙyas, ƙyas yana hucewa, shi kuma yana zaune a kan bokiti da tsumma yana goge abin da ba shi da datti. Matarsa ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa shafa ta haka ba.

Rana ta huɗu, da ya sauka, ya ga matakan baya a buɗe. Ya ce gargadar hanya ce, ya naɗe. Rana ta biyar ma haka. Ya gwada su da hannu: da ƙarfi suke, sai ka sa ƙafa ka danna. Ya yi tsaki ya naɗe.

Mita tana ɗari biyu da talatin ranar da ya fara sakin jiki. Hanyar madatsa ce, miƙaƙƙiya, rana ta fito sosai, babu mota gaba babu baya. Hannunsa ya murza totur shi kaɗai. Allura ta haura hamsin, ta taɓa hamsin da biyar, injin ya buɗe murya, wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin wanda ya manta akwai shi.

Aka taɓa shi a kafaɗar dama. Sau biyu.

Ba duka ba ne, ba iska ba ce. Yatsu biyu ne, a daidai ƙashin nan, a natse. Ya saki totur. Ya duba madubi, sai titi da bishiyoyi suna komawa baya. Ya tsaya a gefe, ya cire riga ya kakkaɓe ko ƙwaro ne, ya duba sama ko wani abu ya faɗo. Babu. Matakan baya a buɗe suke.

Mai Walda ba mai tsoro ba ne, kuma ba ya yarda da labarin da ba a iya aunawa da tef. Ya ce jijiya ce, shekaru sun ja. Washegari ya koma wurin da gangan, ya kai allura hamsin da biyar, yana jira. Bai daɗe yana jira ba.

Daga ranar bai sake wuce arba'in da biyar ba. Amma ya fara lura da wasu abubuwa. In zai sha kwana, babur ɗin yana kwanciya da nauyin da ya fi nasa. In ya taka birki, wani abu yana matso bayansa kaɗan, ya koma. A kan tudun gada sai ya sauko giya ɗaya, alhali makon farko da ta uku yake haye ta. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa, ya ce me?

A ɗari biyar ya kai gareji. Sannu-Sannu ya kwance notin ƙasa, baƙin mai ya zubo a tasa, ya nuna masa garin ƙarfen da ya manne a bakin notin.

"Ka gani? Lafiya lau. Ka yi haƙuri da shi, ya ji daɗinka." Ya zagaya baya, ya tsuguna. "Baffa, wa kake goyawa?"

"Ba kowa."

"Baffa."

"Na ce ba kowa. Kurma ne kai?"

Sannu-Sannu ya sa yatsa a jikin shokozoba. "Dubi inda ƙura ta tsaya. Nan ya kamata ta tsaya in kai kaɗai ne. Ga inda ta kai. Sarƙa ma ta saki fiye da ƙima. Ƙarfe ba ya ƙarya, kai ka koya mini." Ya ɗago yana murmushi. "Kuma ba ƙaramin mutum ba ne, mai jiki ne. In wata ce ka samu, ka faɗa mini tun da wuri in san ta inda zan gudu in Inna ta ji."

"Ɗaure notinka in tafi."

Yaya mai jiki ne. Shi ya sa a hoton nan babur ɗin ya ɗan karkata ta wajensa.

Abin da Mai Walda ya yi da ya koma shago, mai walda ne kawai zai yi shi. Ya naɗe matakan, ya jawo waya, ya rufe fuska da gilashi, ya ɗiga wa kowanne wuta sau uku. Sabon babur, ko wata bai yi ba. Ya buga su da guduma, ko motsi. Ya ce, to, a buɗe in gani.

Washegari ya yi hanyar madatsa ya dawo. Ba a taɓa shi ba. Matakan suna nan a naɗe. Har ya fara jin ya yi dabara, sai matarsa ta fito daga ɗaki tana yamutsa hanci.

"Me ke ƙonewa?"

"Fenti ne."

"Fenti na san ƙaurinsa, mako uku ina shaƙa. Wannan roba ce."

Ya sunkuya. A kan salansa, a daidai inda ƙafar na goye za ta sauka in ta rasa mataki, roba ta narke ta manne. Ba ɗigo ba ne. Sawun takalmi ne, rabin tafi, da layukansa a jere. Ya dubi nasa takalmin, na fata ne mai ƙusa. Ya kai hannu, zafin ya kore shi.

Kilomita ashirin da shida ya yi a ranar. Kilomita ashirin da shida ƙafa tana kan wannan ƙarfen, kuma ba a taɓa shi ko sau ɗaya an ce tsaya ba.

Bai ci abinci ba. Ya koma shago ya ɗauko injin yanka, ya yanke waldar da hannunsa, ya buɗe matakan, ya goge su da tsumma. Ya ji bakinsa ya ce, "Yi haƙuri." Matar tana tsaye a bayansa. Ba ta tambaye shi da wa yake ba.

Ya ƙara fita sau uku, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Ran nan ya shigo gida ya dubi mita: ɗari shida da biyar. Ya tura babur ɗin ƙarƙashin rumfa, ya lulluɓe shi da tampol, ya koma tafiya a ƙafa.

Kwana tara yana nan. Amma gidan bai koma yadda yake ba. Da tsakar rana, matar tana tsintar wake a tsakar gida, sai ta ji ƙyas, ƙyas daga ƙarƙashin tampol, irin na injin da aka kashe yanzu. Kaji suka daina shiga rumfar. Tampol ɗin kuma, ta wajen baya, ba ya kwanciya a kan kujera yadda ya kwanta ta gaba. A rana ta tara ta ajiye masa shayi ta zauna a gabansa.

"Baban yara, ni ban san abin da ke tsakaninka da abin can ba, ban kuma tambaya ba. Amma duk wanda aka ɗauko, kai shi ake yi inda za shi. Ba a barin mutum a zaune."

Ya daɗe yana kallon kofin. Karatunsa bai yi nisa ba, amma wannan lissafin bai fi ƙarfinsa ba. Daga ƙofar gidansa zuwa garejin bayan tasha, kilomita bakwai ne.

Da rana tsaka ya yaye tampol. Ya buga kik, ya bar shi ya ɗumama. Da ya hau, sai bayan babur ɗin ya nutsa a hankali, gwiwoyi biyu suka matso ƙugunsa. Wannan karon bai duba madubi ba.

"Riƙe da kyau, Yaya."

Ya bi ta cikin gari da arba'in. Masu mota suna masa hon, wani direban tifa ya leƙo ya ce in tsoro yake ji ya sayi keke. Bai kula ba. Ɗari shida da takwas. Ɗari shida da tara. Suka zo titin da ya shekara talatin da ɗaya yana kauce masa. An faɗaɗa shi, an sa fitilu, wani mai sayar da katifu ya buɗe shago a daidai wurin, amma dakalin yana nan, an dai shafa masa fenti fari da baƙi. Yatsunsa biyu suna kan kuloci, yana jiran injin ya cije. Injin ya ci gaba da dum, dum, dum ɗinsa. Bayansa kuwa ya yi tsit, kamar mai riƙe numfashi.

Suka wuce.

Yana shiga harabar gareji lambar ƙarshe ta mirgino ta zauna: ɗari shida da goma sha biyu. Ya kashe, ya sauka, ya kafe babur ɗin. Bayan babur ɗin bai ɗago ba.

Sannu-Sannu shi kaɗai ne, yana ɗaure tayar wani babur da babbar sifana a hannu.

"Baffa, lafiya? Ai bai kai dubu ba."

"Ka tambaye ni wa nake goyawa."

"Wasa nake yi."

"Ni ba wasa na zo ba. Tsaya ka ji, kada ka katse ni, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba."

Ya faɗa. Bai yi kwana-kwana ba, bai sa gishiri ba, bai ce ƙuruciya ce ba. Ya ce ubanka bai ce a yi sauri ba. Ya ce sau uku ya taɓa ni in rage, na ƙi. Ya ce ba zuwanka ne ya ci shi ba, hannuna ne, wannan na daman. Ya ce na bar ka kana ɗauke da laifin tun kana yaro don ina tsoron ka daina ce mini Baffa.

Jirgi ya wuce ta bayan katanga, kwanon rufi ya yi ta rawa, sannan wuri ya yi shiru.

A cikin shirun nan shokozoba ta yi ƙiii. Bayan babur ɗin ya ɗago da kansa, kamar yadda yake yi in mai nauyi ya sauka. Su biyu suka gani.

Sannu-Sannu ya miƙe. Fuskarsa ta canza, ta zama wata da Mai Walda bai taɓa gani ba. Sifanar tana hannunsa, jijiyoyin hannun sun tashi.

"Shekara talatin da ɗaya." Muryar ta fara hawa. "Uwata ta mutu tana cewa da ta daure kwana ɗaya. Ni kuma kullum a gabanka nake faɗa, a gabanka, kana kallon ƙasa. Kana ji kana..." Ya tako ɗaya, ya tako biyu, sifanar ta ɗago har kafaɗa. Mai Walda bai ja da baya ba. Ya ma cire hular kwanonsa ya riƙe a hannu.

Sai Sannu-Sannu ya tsaya cak.

Ya juya kai a hankali ya dubi kafaɗarsa ta dama. Ya waiwaya gaba ɗaya. Babu komai a bayansa sai bango da tsofaffin tayoyi a rataye.

"Sau biyu?" in ji Mai Walda.

Sannu-Sannu ya juyo ya dube shi.

"Sau biyu."

Hannun ya sauko. Ya tsaya yana numfashi, yana shafa wurin da tafin hagu, kamar wanda ba ya so ɗumin ya tafi. Sannan ya ɗauki tsumma ya goge sifanar tas, ya rataye ta a ƙusarta. Ya zo wajen baƙin babur ɗin, ya ga tabon walda, ya ga sawun roba a kan salansa, ya sa yatsa ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ya naɗe matakan. Ƙas, ƙas.

"Saura ɗari uku da tamanin da takwas," ya ce, bai ɗago ba. "Yanzu kana iya kai shi sittin. In ya cika dubu ka kawo."

Bai ce Baffa ba. Amma ya ce ka kawo.

Mai Walda ya hau ya kama hanyar gida. Babur ɗin ya yi sakayau, yana haye tudun gada da giya ta uku kamar ba komai. A miƙaƙƙen titi ya kai allura hamsin da biyar, ya riƙe ta a nan, ya ɗan sauke kafaɗar dama, yana jira. Har ya isa ƙofar gida ba wanda ya taɓa shi.